Baffanmu ya ce "mun yafe", to marayun fa?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai. Yayana ya rasu watan jiya a hanyar Dange, gaba kaɗan da Kwannawa. Kabu-kabu yake yi. Yana kan hannunsa tifar yashi ta wani kamfanin gine-gine ta fito za ta wuce tirela, ta haɗa da shi. Ko asibiti ba a kai ba rai ya yi halinsa. Duk waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce laifin direban ne, shi ma bai musa ba a wajen 'yan sanda.

Ranar sadakar uku manajan kamfanin ya zo gaisuwa, ya kawo buhun shinkafa biyar da naira 400,000 a ambulan. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba a gidan tun rasuwar tsohonmu. Ya karɓa, ya ce ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira. Washegari aka saki motar.

Marigayin ya bar mahaifiyarmu, da mata ɗaya tana takaba, da yara huɗu, maza biyu mata biyu. Babban yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Gidan haya suke, mashin ɗin ma bashi ne bai gama biya ba. Tambayata: yafiyar Baffa ta hau kan kowa? In na tashi neman diyya na saɓa wa addini? Kuma ina ake fara zuwa?

Ummu_Khalifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ya haƙuri?

Tsohon_Kanwuri:
Allah shi gafarta mishi. Ɗana, ka yi haƙuri ka bar maganag ga. Mu tun da munka tashi ba mu san cin kuɗin jini ba. Kwana nai na ya ƙare, ko tifa ta zaka ko ba ta zaka ba. Babba yac ce an yafe, kai kuma ka tashi ka ce a'a, gobe da wane ido za ka dubi Baffanka? Wanda yay yi ɗiyan shi ka ciyar da su.

Almajirin_Malam:
Baba, Allah ya ƙara girma, da izininka zan ɗan yi gyara. Diyya ba abin kunya ba ce, Allah ne da kansa ya hukunta ta. Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ce wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai kaffara a kansa, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamacin, sai fa in su ne suka yi sadaka da ita. To su wa ke da ikon yin sadakar? Masu haƙƙin. Diyyar kisan kuskure dukiya ce, rabon gado ake yi mata.

A yadda Ɗan_Mabera ya lissafo, matar tana da tumuni, mahaifiya tana da sudusi, saura na yara ne, namiji rabon mata biyu. In aka kasa 24, matar 3, uwar 4, yara 17. Baffa ba shi da ko sisi, kai ma mai tambaya ba ka da shi, domin ɗa namiji ya katange ku. Wanda ba shi da rabo a abu, me zai yafe a ciki? Uwa za ta iya yafe nata, matar za ta iya yafe nata in ta ga dama ba tare da an matsa mata ba. Rabon marayu kuwa ko waliyyinsu ba shi da ikon ya kyautar da shi a banza.

Bashar_Tambuwal:
Wallahi ban taɓa jin wannan ba sai yau. A garinmu duk haɗarin da aka yi, kafin a dawo daga maƙabarta an riga an ce an yafe.

Maman_Nana:
Ɗan_Mabera, don Allah kada ka yi shiru. Ni aka yi wa haka. Maigidana birkila ne, bangon wani bene da suke ginawa ya rufto masa. Ina cikin ɗaki ina takaba, ta taga nake jin muryoyin maza a zaure, har na ji an shafa fatiha. Sai da yamma ƙanwar mijina ta shigo da kwanon tuwo take gaya mini wai mai ginin ya zo kuma an yafe masa. Ba wanda ya leƙo ya ce mini ke me kika gani. Kuɗin da ya kawo a zaman makoki suka ƙare, shinkafa da lemo da hayar rumfa da kujeru. Kafin in fita takaba mai gida ya aiko a kan kuɗin haya. Yarinyata ta fari sai cire ta na yi daga makaranta tana kai mini awara bakin titi. Waɗanda suka yafe ɗin, da salla kawai nake ganinsu.

Ummu_Khalifa:
Allah sarki Maman_Nana. Allah ya isar miki. Wannan shi ne abin da maza ba sa gani, wata huɗu da kwana goma mace na ɗaka, a waje kuma ana yanke hukunci a kan rayuwarta.

Lauya_Arkilla:
Allah ya jiƙan rai. Malam ya gama da ɓangaren fiƙihu, bari in faɗi na kotu.

Magana biyu ce a nan, kada a cakuɗa su. Akwai shari'ar laifi, wato tuƙin ganganci da ya jawo asarar rai. Wannan tsakanin hukuma ne da direba. Akwai kuma ƙarar neman diyya, wadda iyali ke shigarwa da kansu. Sakin mota ko sakin direba bai kashe ta biyun ba.

Muna da doka a kan haɗurran da suka jawo rasa rai tun 1956, zamanin Jihar Arewa, jihohi suka gaje ta. Abin da ya kamata ku sani a cikinta shi ne, idan mamacin Musulmi ne, waɗanda ake nema wa kuɗin su ne masu rabo a diyya a shari'ar Musulunci. Ka ga nan ma Baffa bai shigo ba. Wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne daga ranar rasuwa, amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa, shaidu suna watsewa, direbobi suna barin gari.

Ba direba kaɗai za ka yi ƙara ba. Matuƙar yana bakin aikin kamfanin ne lokacin da abin ya faru, kamfanin na ɗaukar alhakin sakacin yaronsa. Shi ya sa babbar kotun jiha ta fi dacewa, tunda kamfani ake nema.

Abin da za ka tattara tun yanzu: lambar motar, rahoton 'yan sanda tare da zanen wurin haɗarin, rahoton jami'an duba lafiyar mota in sun duba ta, takardar asibiti, takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya, hotunan mashin ɗin kafin a taɓa shi, da sunaye da lambobin shaidu ko da biyu ne. Kuma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a wata takarda kafin lauya ya karanta.

Ɗan_Mabera:
Na gode Barista. Hotuna akwai, wani mai shayi a wurin ya ɗauka da wayarsa ya turo mini. To amma nawa ake bayarwa? Wani ya ce mini raƙuma ɗari.

Almajirin_Malam:
Haka yake a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya: raƙuma 100 ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Dinari ɗaya wajen giram 4.25 ne na zinariya, ka ga dubu ya kama kilo huɗu da kwata. Hanya mai sauƙi: nisabin zakka dinari 20 ne, to duk nisabin da aka sanar a watan ka ninka shi sau 50. A farashin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ake magana. In da azurfa aka yi lissafin, adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Direban_Illela:
To kun ji. Ni babbar mota nake ja, albasa nake ɗauka zuwa kudu. Wane direba ne a ƙasar nan zai biya wannan? Ko an sayar da shi da danginsa kaf ba za a haɗa ba. Ba wanda ke fitowa da safe da niyyar kashe mutum. Mai mota zai ba ka taya ta suɗe, birki na shan iska, ka yi magana ya ce ga makulli ajiye akwai masu jira. In tsautsayi ya faɗa kai ne a sel, shi yana gida. Kuma a faɗi gaskiya, 'yan kabu-kabu su ma suna shigo mana ba sigina ba hular kwano.

Ɗan_Mabera:
Direban_Illela, yayana a hannunsa yake. Ban zo nan don a ɗaure kowa ba. Direban ma yaro ne, na gan shi yana kuka a ofishin 'yan sanda.

Almajirin_Malam:
Malam direba, shari'a ba ta ɗora wa direba shi kaɗai ba. Diyyar kuskure aƙila ce ke biya, wato danginsa ta wajen uba, kuma a rarrabe cikin shekara uku. Abin da ke kansa shi kaɗai shi ne kaffara, azumin wata biyu a jere, kuma wannan ko an yafe diyya ba ya faɗuwa. Sulhu a kan abin da bai kai cikakkiyar diyya ba ma ƙofa ce a buɗe. Sai dai idan da marayu a ciki, dole sulhun ya zama maslaharsu aka duba, alƙali ya san da shi. Naira 400,000 da shinkafa gaisuwa ce, ba sulhu ba.

Lauya_Arkilla:
In ƙara a kan tambayar nawa. Babbar kotu ba raƙuma take ƙirgawa ba. Tana duba abin da mamacin ke kashe wa iyalinsa a shekara, ta yi la'akari da shekarunsa da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da ɗaukar nauyinsu, ta haɗa da kuɗin jana'iza. Matsalar masu sana'ar hannu ita ce hujja. Ɗan kabu-kabu ba shi da takardar albashi. Don haka nemo littafin adashinsa, rasit ɗin kuɗin da yake biya na mashin, rasit ɗin haya da na makarantar yara, da bayanan asusunsa in yana karɓar kuɗi ta waya. Maganar Direban_Illela ma tana da gurbi: in aka tabbatar mamaci ya yi nasa sakacin, kotu na rage kuɗin gwargwadon haka, ba ta hanawa gaba ɗaya.

Hajara_Inshora:
Ba wanda ya ambaci inshora, alhali nan ne kuɗin yake. Duk motar da ke hawa titi dole ta yi inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar mota naira 15,000 daga 5,000, manyan motocin kaya kuma 100,000. Miliyan 3 da kuke ji ana faɗa, ko miliyan 5 na manyan motoci, iyakar ɓarnar dukiya ce, ba ta rai ba. Maganar rai lissafinta daban.

Ɗan_Mabera, ka sa lambar tifar a shafin NIID na intanet, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa, zai nuna maka ko inshorarta ta gaske ce da kamfanin da ya yi ta. Da yawa takardar bogi suke riƙewa don wuce shingen 'yan sanda. In ta gaske ce, lauya ya rubuta wa kamfanin inshorar da wuri ya sanar da su. In ta bogi ce, nauyin ya dawo kan mai motar, ga kuma wani laifin a kansa. Sau da yawa masu mota suna gaggawar zuwa gaisuwa da ambulan ne don kada magana ta kai nan.

Abu_Sumayya:
Inshora ai malamai sun ce akwai garari, wato rashin tabbas, da riba a cikinta. Yaya za a ciyar da marayu da irin wannan kuɗi?

Hajara_Inshora:
Saɓanin a kan wanda ya shiga yarjejeniyar ne, kuma yanzu akwai takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai son kauce masa. Marayu ba su ƙulla komai da kowa ba. Haƙƙinsu suke bin mai mota, shi kuma ya ce ga wanda zai biya a madadinsa.

Abu_Sumayya:
Ban gamsu ba tukuna, zan tambayi malamina.

Bashar_Tambuwal:
Duk wannan bayani ya yi, amma wa ke da kuɗin lauya? Wani maƙwabcinmu ya yi shari'ar fili har ya tsufa, a ƙarshe rabin filin lauya ya ci. Talaka da kamfani a kotu, sai ɗage zama yau, ɗage zama gobe.

Lauya_Arkilla:
Ba zan ce maka ba a jinkiri ba, ana yi. Amma irin wannan magana ba kullum take kaiwa ga hukunci ba. Wasiƙar lauya ɗaya in ta isa teburin kamfani da na masu inshora, sau da yawa su ke neman a zauna. Wanda ba shi da hali ya fara da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, suna da ofis a Sakkwato, su duba ko maganarsa na cikin irin waɗanda suke ɗauka. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana tsaya wa zawarawa da yara. Akwai kuma lauyoyin da ke yarda sai an biya su ɗauki kaso. In haka za ku yi, a rubuta kason a takarda tun ranar farko, kowa ya riƙe kwafi.

Sani_Silame:
Ku kuna maganar kamfani. Mu da jirgin soja ya jefa wa mutanenmu bam a Gidan Bisa da Rumtuwa ranar 25 ga Disamban 2024 fa? In hukuma ce ta yi kisan, wa ake kaiwa ƙara?

Lauya_Arkilla:
Allah ya jiƙansu. Idan jami'in gwamnati ne, a yi hattara ƙwarai: akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, suna zaman jiran alkawari har wa'adi ya wuce. Ɗaya hanyar ita ce ƙarar tauye haƙƙin rayuwa, sashe na 33 na tsarin mulki, kuma ƙa'idojin 2009 sun ce irin wannan ƙara ba ta da wa'adi. Ana kuma iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Wahalar gwamnati ba cin shari'ar ba ce, karɓo kuɗin bayan an ci.

Malama_Gawon_Nama:
Ku tuna gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba, kuma sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne bayan gwajin DNA. Shekara 15. Da iyayen sun ce ƙaddara ce suka koma gida, ko wannan ba za a gani ba.

Tsohon_Kanwuri:
Na ji karatun Malam, ban ja da aya. Amma ku yaran zamani ku san zumunci shi ma hakki na. In anka kai ga kotu, Baffa za ya ga an tona mishi asiri cikin gari, an ce ya ci amanar ɗiyan ɗan'uwa nai. Gidan ga ba shi komawa daidai. Ku samu limamin unguwa da mai unguwa su zauna da shi tukun.

Maman_Nana:
Baba, zumuncin da za a riƙe da cikin marayu wane iri ne? Amma na yarda a fara da liman. Ni dai a shigo da matar cikin maganar, ko daga bayan labule ne a ji ta bakinta.

Nura_Masaka:
Tambaya a gefe. Wanda ya rasu a bakin aiki a kamfani fa, kamar mijin Maman_Nana?

Lauya_Arkilla:
Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Mai kamfani na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, daga nan ake biyan iyalan wanda ya rasu ta dalilin aiki. Dokar fansho ta 2014 kuma ta wajabta inshorar rai ga ma'aikaci, aƙalla ninki uku na abin da yake samu a shekara. Matsalar leburori da birkiloli ita ce yawanci ba a yi musu rajista ba, sai dai a bi mai ginin kai tsaye a kan sakaci.

Ɗan_Mabera:
Jama'a na gode, ga inda aka kwana. Na zauna da Inna na karanta mata bayanin Malam. Ta yi kuka, ta ce ita nata ta bar wa Allah, ba za ta iya cin kuɗin ba, amma na jikokinta ba ta hana a nema ba. Matata ta shiga wajen matar yaya, ita ta ce ba ta yafe ba, ba a ma tambaye ta ba. Na duba lambar motar yadda Hajiya Hajara ta ce, inshorar ta fito kuma ba ta ƙare ba.

Sai dai akwai matsala. Da liman ya je wajen Baffa, ashe ranar da aka saki motar sun ba shi wata takarda da Turanci ya dangwala hannu. Bai san abin da ke ciki ba, kuma ba a ba shi kwafi ba. Yanzu ya yi fushi, ya ce in na kai ƙara kada in ƙara taka gidansa.

Lauya_Arkilla:
Kada takardar ta firgita ka. Wanda ya dangwala ba magaji ba ne, ba kuma kotu ce ta naɗa shi wakilin yaran ba. Sannan doka na kare wanda bai iya karatu ba: dole a nuna an karanta masa an fassara masa kafin ya sa hannu. Lauyanku ya nemi kwafi a rubuce. Su kuɗin ambulan ɗin a rubuta adadinsu a ajiye, don za su kawo maganarsu a wajen lissafi.

Bashar_Tambuwal:
Baffa kunya ce ke damunsa ba mugunta ba. A ce masa ba shi ake ƙara ba, kamfanin inshora ake nema. In da hali ma a sa shi gaba a zaman sulhun, a ba shi girmansa.

Ummu_Khalifa:
A sa shi gaba ya sake yafewa? A'a. Ya zauna a wurin, amma lauya ya yi magana.

Malama_Gawon_Nama:
Ni abin da ke raina daban ne. A ce an biya. Wa zai riƙe rabon yaran? Na ga gidan da aka karɓo kuɗin marayu, wani kawu ya ce zai juya musu a kasuwar hatsi, kafin su girma babu uwar kuɗi babu riba.

Almajirin_Malam:
A kai rabon kotun shari'ar Musulunci, alƙali ya raba a rubuce, ya naɗa wanda zai kula da na yaran da shaidu. In an sayi gida ko fili, a rubuta da sunan yaran, ba da sunan mai riƙo ba.

Tsohon_Kanwuri:
In mai riƙo za a naɗa, Baffan dai shi ad dace. Shi na uba gare su yanzu.

Maman_Nana:
Uwarsu na raye, Baba, kuma a ɗakinta za su kwana. Barista, doka ta hana a naɗa uwa ne, ko kuwa su biyu za a iya haɗawa, ita da Ɗan_Mabera?